Zuwa ga Yaya, daga Heidelberg

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da Inna da iyali baki ɗaya. Ya fama da ɗalibai? Allah ya ƙara rufin asiri, amin. Mu ma lafiya lau muke, sai sanyi da ya fara shigowa.

Saƙonka ya iso, inda kake cewa autanmu ya ɗaura niyyar zuwa nan Jamus yin digirin digirgir, wai don ya ji ba a wahalar da ma'aikaci. To, ba ƙarya aka faɗa masa ba, amma rabin zancen ya ji.

Hutu kam akwai shi. Doka ta ba duk mai aikin kwana biyar a mako aƙalla kwana 20 a shekara, mu da muke kan tsarin albashin ma'aikatan gwamnati kuma kwana 30 ne. In ka yi nawa ba ka ɗauka ba, sakatariya ce za ta biyo ka da tuni. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke. In aka yi haihuwa, gwamnati na biyan iyaye wani kaso na albashinsu har wata 14, muddin uwa da uba sun raba renon a tsakaninsu. Wata abokiyar aikinmu Ba'amurkiya har yanzu mamaki take yi, domin a ƙasarsu babu dokar tarayya da ta tilasta a ba ma'aikaci hutun shekara da albashi. Wani ɗan Sin da muke tare kuwa dariya yake mana, ya ce a kamfanonin fasaha na ƙasarsu akwai masu shiga tara na safe su fito tara na dare, kwana shida a mako.

Ga rabin da auta bai ji ba. Tun 2007 akwai dokar da ta ba jami'o'i damar riƙe mai bincike a kan kwantiragi na wucin gadi, shekara shida kafin ya gama digirin digirgir, shida bayan ya gama. In wa'adin ya cika, ko dai a ba ka kujerar dindindin ko ka kama gabanka, kujerun kuma ba su da yawa in ba ta farfesa ba. A 2021 matasan masu bincike sun yi ca a Twitter a kan wannan doka. Don haka babu mai tsare ka da aiki, kai ne za ka tsare kanka. Kwantiragin shekara biyu ko uku ne, in bincikenka bai fito a mujallar da ake ganin girmanta ba, na gaba sai Allah. Mu baƙi abin ya fi mana nauyi, tunda takardar zamanmu a jikin kwantiragin take. Farfesa na iya tafiya gida ƙarfe biyar, amma ka biyo ta ɗakin gwaji bayan isha'i ka ga su waye a ciki.

Ku can aikinku na dindindin ne, ga fansho. Amma ban manta da 2022 ba, yajin aikin ASUU daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas, albashi a tsaye. Ban kuma manta yadda ɗaukewar wuta ta lalata maka samfuran da ka ajiye a firiza ba. Ni dai a ganina tsoron rasa aiki ya fi rashin kayan aiki cin rai, ko da yake na san za ka ce mai ƙoshi ne ke magana.

Ka tambaye ni abin da ke riƙe ni. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ce, Yaya. Muna renonta a cikin jinin mutum a zafin digiri 37, bisa hanyar da masana kimiyya Trager da Jensen suka fito da ita a 1976. Duk awa 48 take fasa ƙwayoyin jini ta shiga sababbi, kuma kusan kullum sai an sauya mata ruwan abinci, ba ruwanta da Lahadi ko ranar Sallah. Abokan aikina sha'awar ilimin ce ta kawo su, kuma ban raina musu ba. Ni kuwa na san kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya a Najeriya suke, na kuma san yadda sashen yara na asibiti ke cika a damina. Wannan ne ke fito da ni da asuba, shi ne kuma ke hana ni ɗaukar hutun da doka ta ba ni, har uwargida ta fara ƙorafi, da gaskiyarta.

In auta ya ji duk wannan bai karaya ba, ya fara koyon Jamusanci tun yanzu, ya duba tallafin karatu na DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗaliban ƙasashen waje tallafi, ya turo min takardunsa in gani kafin ya aika. A gaishe min da Inna sosai, a ce mata kuka da daddawar sun iso lafiya.

Ƙaninka.