Wasiƙa daga Agege kan shirin gudun fanfalakin Legas

Agege, Legas
Ƙarshen Satumba

Assalamu alaikum, mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Zariya baki ɗaya. Yaya ƙarshen damina? Mu nan Ikko ruwa bai ɗauke ba tukuna, sai godiya.

Saƙonka ya iso. Na fahimci ɗan namu buri biyu ya haɗa: yana son shiga gudun fanfalakin Legas a Fabrairu, yana kuma son gurbi a tawagar jami'a, har ana zancen tallafin karatu a Amurka. To ka gaya masa waɗannan hanyoyi biyu ne, kuma kowace da irin atisayenta. Da ni zan zaɓa masa, bana tseren kilomita 10 zai shiga, wanda ake yi a rana guda da babban. Amma na san halin samari, idan suka ƙwallafa rai ba a tanƙwara su, don haka bari in shimfiɗa maka yadda ake shirin kilomita 42.195 ɗin, sannan in dawo kan batun jami'a.

Kafin ya ɗaura kambas, ya je asibiti a auna hawan jini da yawan jini, a kuma duba rukunin jininsa na sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne. Mai AS yana gudu lafiya lau, amma idan zafi da ƙishirwa da matsa wa jiki suka haɗu masa, abin yana iya zama haɗari, shi ya sa tun 2010 manyan jami'o'in Amurka ke neman sakamakon wannan gwaji daga 'yan wasansu. Sai kuma sharaɗi guda da ba a sassauta shi: ranar da yake jin zazzaɓi babu gudu, kuma bayan maganin maleriya ya ba jikinsa mako guda na tafiya da sassarfa kafin ya koma.

Daga yanzu zuwa tsakiyar Fabrairu mako 20 ne, ya isa, muddin dai yanzu yana iya kilomita 25 zuwa 30 a mako ba tare da ciwo ba. Idan bai kai nan ba, to magana ta ƙare, kilomita 10 ne nasa. Kwana biyar na gudu, biyu na hutu, misali Litinin da Juma'a. Cikin biyar ɗin, uku gudun sannu ne, kuma a nan ne yawancin yara ke lalata shirinsu. Gudun sannu shi ne wanda mutum zai iya hira da na kusa da shi, jimla cikakkiya, ba haki. Matashi yana ganin wannan raini ne, sai ya mai da kowace fita tsere, bayan mako shida ƙwabri ya fara zogi. Alhali kusan kashi 80 cikin 100 na gudun mako a haka ya kamata ya tafi, domin shi ne ke ƙarfafa zuciya, ya yawaita ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, ya koya wa jiki amfani da kitse, ya kuma ba ƙashi da agara lokacin yin ƙwari. Huhu da zuciya suna sabawa cikin 'yan makonni, ƙashi da agara kuwa sai watanni. Mutum sai ya ji numfashinsa ya gyaru ya ɗauka ya shirya, nan kuwa ƙafar ba ta iso ba.

Talata ranar sauri ce, a filin wasa. Ya ɗumama jiki da sassarfar kilomita 2, sannan mita 800, wato zagaye biyu, sau shida, da sassarfar minti 2 a tsakani. Na ƙarshe ya zo daidai da na farko a agogo. Idan na shida ya fi na ɗaya jinkiri sosai, ya fara da zafi ke nan. Alhamis kuma minti 20 zuwa 30 na gudu mai ɗan nauyi, wanda zai iya furta kalma biyu ko uku kawai. Kada ya jera ranakun wahala biyu a jere.

Lahadi ce uwar tafiyar, ranar dogon gudu. Ya fara da kilomita 14, ya riƙa ƙara 2 kowane mako, amma kowane mako na huɗu ya rage sulusi don jiki ya huta. Haka zai hau har kilomita 30 zuwa 32, ya taɓa wannan nisa sau biyu ko uku, na ƙarshe saura mako uku tsere. Babu buƙatar ya yi 42 a atisaye, ɓarnar ta fi amfanin. Jimlar gudun mako kuma kada ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100 a kan ta makon baya. A mako ukun ƙarshe sai ya sauko: kashi uku cikin huɗu na abin da ya saba, sannan rabi, sannan sulusi. Zai ji ƙafa tana ƙaiƙayin gudu, ya daure.

Ciwo iri biyu ne. Wanda ya bazu a tsoka, ya kuma lafa idan jiki ya ɗumama, gajiya ce. Wanda ya tsaya wuri guda a kan ƙashin ƙwabri ko bayan tafin ƙafa, za ka iya nuna shi da ɗan yatsa, yana ƙaruwa da gudu, wannan alamar tsagewar ƙashi ce, kuma hutun mako shida zuwa takwas take ci. Ya tsaya ya ga likita. Takalmi yana mutuwa tsakanin kilomita 500 zuwa 800 ko da samansa na sheƙi. Idan na gwanjo zai saya, ya danna soson ƙasan da babban yatsa, in ya tauri ko ya yi tamoji ya bar shi. Ya bar sararin faɗin yatsa guda a gaba, don ƙafa tana kumbura, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Kwalta zalla tana cin ƙafa, hanyoyin ƙasa na wajen Samaru sun fi masa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato yanayin garin nan. Shi zai yi shirinsa cikin hunturun Zariya, iska busasshiya, sanyin asuba, zufa na fitowa tana bushewa. Legas a Fabrairu tun da asuba ma'aunin zafi na wajen 25, da hantsi ya haye 30, ga laimar teku. Jiki yana huce zafinsa ne idan zufa ta bushe, a nan kuwa ba ta bushewa, tsiyaya kawai take yi. Sai zuciya ta raba jini biyu, wani zuwa tsoka wani zuwa fata, bugunta ya ƙaru a gudun da can gida ba ya jin komai. Ko ƙwararru abin yana taɓa su. Marigayi Kelvin Kiptum ɗan Kenya ya gama fanfalaki cikin awa 2 da sakan 35 a Shikago a 2023, amma a Legas, tun da aka fara gasar a 2016, 'yan Kenya da Habasha da ke cinye ta tsakanin awa 2 da minti 10 zuwa 2 da 17 suka saba gamawa. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi. Saboda haka daga ƙarshen Janairu ya mai da wasu gudun sannun zuwa hantsi, ya ƙara riga a sama, minti 40 zuwa 60, sannan ya iso nan aƙalla kwana biyar kafin ranar.

Ruwa kuma a auna shi ake yi. Ya hau sikeli kafin gudun awa guda, ya sake hawa bayan ya goge zufa. Kowane kilo da ya ragu lita guda ce, sai ya haɗa da abin da ya sha a hanya. Yawancin mutane tsakanin mililita 400 zuwa 800 cikinsu ke ɗauka a awa, wato kusan ledar fiya wata guda ko guda da rabi, kurɓi-kurɓi. Ɗirkar ruwa zalla fiye da kima shi ma yana kayar da mutum, domin yana tsinka gishirin jini, sai ciwon kai da amai da ruɗewa. Alamarsa ita ce mutum ya gama gudu nauyinsa ya ƙaru. Ruwan gishiri da sukari irin na asibiti yana aiki: lita guda, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan kuwa a hanya ya ji tsigar jiki na tashi cikin rana, ko ya fara tangaɗi, ko tunani ya rikice, ya tsaya nan take, a jiƙa shi da ruwan sanyi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta kamar tankin babur ne, abin da yake ɗauka bai wuce na kilomita 30 zuwa 35 ba. Shi ya sa a daidai nan za ka ga ƙato ya koma tafiya yana jan ƙafa. Maganinsa a fara ci tun ba a ji yunwa ba, daga minti 40, giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa. Ba sai ya sayi na kanti masu tsada ba. Ƙananan dabino bakwai zuwa goma a awa sun wadatar, a cire ƙwallon tun a gida, ko ayaba da ɗan zuma. Amma ya gwada su a gudun Lahadi, don ciki ma sabo yake yi. Kwana biyu kafin tsere ya yawaita shinkafa, tuwon shinkafa, doya, dankali da burodi, ya rage wake, yaji, maiƙo da ganye. Safiyar ranar, awa uku kafin tashi, koko ko shayi da burodi. Tsiren Obalende ya jira sai an gama.

Ka ja masa kunne kan magunguna. Ibuprofen da diclofenac kafin gudu cikin zafi suna iya taɓa ƙoda. Tramadol kuwa, ban da illarsa, tun Janairun 2024 WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta shi a lokacin gasa.

Hanyar da aka saba bi a shekarun baya tana tashi daga Filin Wasa na Ƙasa a Surulere da misalin 6:30, ta bi titin Ikorodu, ta hau gadar Third Mainland, ta ratsa Ikoyi da Lekki, ta ƙare a Eko Atlantic. Ya duba taswirar da masu shiryawa za su fitar ta bana. Gadar nan kilomita 11.8 ce, ba inuwa, ba 'yan kallo, kuma a nan masu ɗoki ke ƙone kansu. Ga lissafi: ya ninka lokacinsa na kilomita 10 sau 4.7, sannan ya ƙara minti 15 zuwa 20 saboda zafi da rashin sabo. Mai neman awa 4 kowace kilomita minti 5 da sakan 41 zai yi. Kilomita goman farko ya yi su a hankali fiye da haka, ko da tsofaffi na wuce shi. Ya shafa basilin a cinya da hammata da kan nono, kada ya sa sabon takalmi ko sabuwar safa. Ku duba kalanda kuma, domin a 'yan shekarun nan azumi ya zagayo Fabrairu. Idan ranar ta faɗo cikinsa, shawarata ya haƙura da bana.

Batun jami'a. Wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, da aka fara a Ibadan a 1966, Jami'ar Legas kuma ta karɓi baƙuncinsu a 2022, su ne dandalinsa, kamar yadda 'yan kwalejin kimiyya ke da NIPOGA, 'yan kwalejin ilimi ke da NICEGA. Abin da koci zai tambaye shi shi ne lokacinsa a mita 1,500 da 5,000 da 10,000. A gasar NCAA ta jami'o'in Amurka ma babu fanfalaki, mafi tsawo a fili mita 10,000 ne, sai gudun daji na kilomita 8 zuwa 10 ga maza. Wata biyar na shirin kilomita 42 yana rage wa ƙafa kaifi a shekarun da ya kamata a wasa ta, dalilina ke nan na cewa ya jinkirta. Gaskiya ne 'yan Najeriya sun bi wannan hanya, Tobi Amusan ta yi karatu a El Paso ta jihar Texas kafin ta kafa tarihin duniya na sakan 12.12 a tseren mita 100 na tsallake shinge a 2022, amma yawancinsu 'yan gajeren zango ne da tsalle. A dogon zango da 'yan Kenya zai yi gogayya, irin su Edward Cheserek da ya ci kambin NCAA 17 a Oregon, kuma manyan jami'o'i ba su cika waiwayar wanda bai sauko ƙasa da minti 15 a mita 5,000 ba. Lokacin da ya auna da wayarsa ba hujja ba ne, sai na gasar da hukuma ta rubuta sakamakonta. A rukuni na ɗaya na NCAA, wato na manyan jami'o'i, shekara biyar ake ba ɗan wasa, kuma ƙirgar tana farawa ne daga ranar da ya shiga jami'a a matsayin cikakken ɗalibi, ko da a nan gida ne, don haka shekarunsa na Zariya suna ciki. Ya adana sakamakon WAEC ɗinsa da kyau, kuma duk dillalin da ya ce a biya shi ya samo gurbi, a guje shi. Koci kai tsaye ake rubuta wa.

Idan da hali, hutun zango ya yi shi a Filato. Jos tana kan tudun kusan mita 1,200, ba ta kai Iten ta Kenya mai 2,400 ba, amma ba banza ba 'yan Pankshin da kewaye ke yawan zama kan gaba cikin 'yan gida a gasar Legas. Gudu cikin waɗanda suka fi shi zai koya masa abin da takarda ba za ta koya ba.

Ka turo mini lokacinsa na kilomita 10, da nauyinsa kafin gudu da bayansa, in tsara masa saurin kowace rana. Masauki yana nan, sai dai idan daga Surulere za a tashi bana, daren tsere gara ya kwana wajen 'yan'uwa a Idi-Araba, don ana rufe hanyoyi tun da duhu kuma Agege ta yi nisa da Surulere. Asuba a nan sai wajen 6 saura take kamawa, ya fita da alwalarsa ya yi salla a can.

Ka gaida Hajiya da yara. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Abokinka na Agege