Wasiƙa zuwa ga ɗana, kafin ka ba akwatin wuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso mini a nan Bauchi, kuma na yi farin ciki da jin cewa an damƙa maka haɗa akwatin sarrafa injinan casar shinkafa a masana'antar da kake aiki a Gombe. Ka ce na'urar Siemens S7-1200 ce, wato PLC, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injina, da katunan shiga da fita da za a jera mata, kuma mai masana'antar yana so a gama kafin sabuwar shinkafa ta fara shigowa daga Dadin Kowa. Na zaɓi in rubuto maka maimakon mu yi magana ta waya, domin ka samu abin da za ka riƙa dubawa a lokacin da kake tsaye gaban akwatin kai kaɗai.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, aikin nan yana zaune a wuri uku: a takardar zane, a cikin manhaja, da kuma a jikin wayoyin da ke cikin akwati, kuma tilas ne ukun nan su faɗi magana ɗaya. Na'urar PLC ba ta ganin inji, adireshi kawai ta sani. Idan ka ce mata I0.3 makunnin cikar rumbu ne, za ta yarda, ko da wayar da ke wurin daga wani makunni ta fito. Tun da aka ƙera Modicon 084, ɗaya daga cikin PLC na farko, a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 domin maye gurbin tarin rile, wato makunnan da wuta ke kunnawa da kashewa, a masana'antar motoci, wannan hali nata bai canza ba. Saboda haka, kafin ka taɓa sukundireba, ka zauna ka rubuta jerin kowace shiga da kowace fita, da lambar kati, da adireshi, da lambar waya, da sunan abin da ke ɗaya ƙarshen a filin aiki. Ka bar gurabe kaɗan babu komai, domin babu masana'antar da ba a ƙara mata inji daga baya.

Wajen jera katunan a kan dogon ƙarfen nan mai faɗin milimita 35, ka bi jerin da ka tsara a TIA Portal, manhajar Siemens ta tsara PLC, daidai, kuma ka karanta lambar odar da ke jikin kowane kati ka gwada ta da wadda ka zaɓa a manhaja, domin katunan suna kama da juna a ido alhali cikinsu ya bambanta. Idan ƙwaƙwalwar na'urar samfurin CPU 1214C ce a hannunka, katunan shiga da fita takwas take ɗauka a damanta, na sadarwa uku a hagunta. Ka bar tazarar milimita 25 sama da ƙasa don iska ta ratsa. Ka san zafin Gombe a watannin Maris da Afrilu, ka kuma san ƙurar hunturu idan ta haɗu da ƙaiƙayin shinkafa. Akwatin da matatar iskarsa ta toshe zai dafa abin da ke cikinsa sannu a hankali.

A katin shiga na kunnawa da kashewa, tambayar farko ita ce ko sensa PNP ce ko NPN. Ta farko tana turo volt 24 zuwa cikin kati, ta biyu kuwa tana ja zuwa sifiri, kuma yadda za ka haɗa wayar tarayya ta rukunin ya dogara ne a kan wannan amsa. Injinan Turai galibi da PNP suke zuwa, da yawa daga na Asiya kuwa da NPN, su kuma injinan casa da ake shigowa da su ƙasar nan akasarinsu daga Asiya suke. Ka duba jikin kowace sensa da idonka, gani ya kori ji. A katin fita kuma, mai tiransisto rabin amfiya kawai yake ɗauka a kowace ƙofa, mai rile amfiya 2, saboda haka kada ka ɗora masa babbar kwantakta, wato makunnin da ke saki wa inji wuta, kai tsaye. Ka sa ƙaramin rile a tsakani, da diyod a kan nadinsa, domin ya shanye wutar da ke komowa baya idan an kashe shi. Rile yana da araha kuma ana samunsa a kasuwa, kati kuwa sai an yi odarsa an jira.

Inda na fi so ka natsu shi ne katin awo, wato mai karɓar miliamfiya 4 zuwa 20. Waɗanda suka fara ma'aunin daga 4 sun yi hikima, domin idan waya ta tsinke za a ga miliamfiya sifiri, ƙasa da 4, nan take a gane cewa layi ne ya mutu, ba tanki ne ya ƙare ba. A na'urorin Siemens, miliamfiya 4 tana bayyana a matsayin 0, miliamfiya 20 kuma 27648, rabin hanya wato 12 tana ba da 13824. Amma idan ka saita ƙofar a kan 0 zuwa 20 alhali sensar 4 zuwa 20 ce, tankin da babu ko ɗigo a cikinsa zai nuna maka kashi 20 cikin ɗari, kuma babu wata jar fitila da za ta kama ta faɗakar da kai. Irin wannan kuskure yakan kwana shekara a masana'anta, masu aiki su saba da shi, su riƙa cire lissafi da ka. Haka ma Pt100, sensar auna zafi, da za ka sa a tukunyar turara shinkafa: om 100 take bayarwa a digiri sifiri, kusan 138.5 a digiri 100, wato canjin ƙanƙani ne, har tsawon waya kansa yana iya ƙara maka digirin da babu shi, shi ya sa ake haɗa ta da waya uku ko huɗu. Duk wayoyin awo su kasance masu rigar ƙarfe, rigar a haɗa ta da ƙasa yadda littafin na'urar ya nuna, kuma kada su bi hanya ɗaya da kebul ɗin inbata, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, domin hayaniyar wutarsa tana sa lambobi rawa a allo.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa nake nanata lamba a jikin waya. Wata shekara, a wata masana'antar matsar mai da na yi aiki, an tsayar da injina don shara, aka zare kawunan wayoyi na katunan fita guda biyu masu iri ɗaya aka hure ƙura, wajen mayarwa sai aka musanya su. Na'urar ba ta yi ƙorafi ba, tunda katunan iri ɗaya ne, fitilunta duka kore. Da aka danna makunnin famfo, sai dogon ƙarfen nan mai murɗawa da ke jan gyaɗa ya tashi, alhali wani lebura yana durƙushe a bakinsa da tsintsiya. Ina tsaye kusa da shi, na ga tsintsiyar ta shige ta dagargaje, shi kuma ya ja da baya yana salati, hannunsa yana karkarwa. Allah ne ya tsare. Da an rubuta lambar gurbi a kan kowane kai, da an gwada fita ɗaya-ɗaya kafin a saki wuta ga motocin lantarki masu juya injina, da hakan bai faru ba. Har yau idan na tuna ƙarar tsintsiyar nan sai gabana ya faɗi.

Don haka ranar gwaji, ka cire fis ɗin motoci, ka kulle babban makunni da kwaɗo, makullin yana aljihunka. Ka auna volt 24 da mita kafin ka haɗa shi da katunan. Sannan ka tura abokin aikinka fili da waya a kunne, ya taɓa kowace sensa, kai kuma kana kallon fitilar kati da adireshin a kwamfuta, kana sa alama a takarda. Idan ka tilasta wa wata fita kunnuwa daga manhaja don gwaji, ka tabbata ka janye tilascin kafin ka bar wurin. Makunnin tsayar da gaggawa kuwa ya zama mai rufaffen layi, ya yanke wutar kwantakta ta hanyar rilen kariya, kada ran mutum ya rataya a kan shirin da ke cikin PLC kaɗai.

Idan akwai katunan nesa a kan Profinet, wato hanyar sadarwar da ke haɗa su da PLC, kowace tasha sai ka ba ta sunanta daidai da na manhaja, harafi da harafi. Idan inbatocin ta tsarin sadarwa na Modbus za su yi magana a kan layin waya na RS-485, adireshinsu daga 1 zuwa 247 ne, kada biyu su yi tarayya a lamba ɗaya, kuma ka sa om 120 a ƙarshen layin biyu. Ka kuma gwada abin da zai faru idan an ɗauke wuta aka koma janareto, domin a wurinmu wannan lamarin kullum ne, kuma bai kamata wani inji ya tashi da kansa ba idan wuta ta dawo.

Mai masana'anta zai matsa maka, zai ce manoma suna jira, motoci sun yi layi. Ka amsa masa cikin ladabi, ka nuna masa takardar gwajin da layukan da suka rage, ka faɗa masa sa'o'in da kake bukata. Idan ka gama, ka gyara zanen ya dace da abin da ka haɗa a zahiri, ka sa kwafi a aljihun ƙofar akwatin, ka ajiye shirin a wuri biyu.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka turo mini hoton jerin adireshin kafin ranar gwaji in duba maka, musamman ƙofofin awo. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka da waɗanda za su yi aiki a gaban injinan nan.

Mahaifinka.