Ɗan Mahauci Ne Ni, Amma da Wake Na Gina Ƙwanjina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka. Ni mai walda ne a Suame Magazine, unguwar masu gyaran motoci, haifaffen Aboabo a nan Kumasi, shekarata 39. Abin da ya sa na ɗauki biro wata magana ce da ta kama bakin samarinmu na Zango masu ɗaga ƙarfe, wai duk wanda ba ya samun nama da ƙwai kullum, gara ya ajiye ƙarfen ya huta, ƙwanjinsa ba zai taɓa tashi ba. Maganar nan ta karya gwiwar yaran da aljihunsu bai kai ba, wasu kuma ta tura su ga allurar kumbura jiki. Ni na gwada akasin haka a jikina, shi ya sa nake neman fili a jaridarka.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mahauci ne. A gidanmu ba a san tukunyar da babu kayan ciki ko ganda ba. Hawan jini ya kama shi, ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi shekara biyu a kwance kafin ya cika. A ƙarshen 2022 aka auna ni a asibiti aka ce nawa jinin ma ya hau, likita ya ce in rage kitse da gishiri. A watan Disamba na shekarar ne hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin 100, sidi kuwa tun kafin nan ya faɗi ƙasa warwas, nama ya zama sai wane da wane. Sai na ce tunda ga lalura ga tsada, bari in bar nama, kifi, ƙwai da nono gaba ɗaya in gani. Ranar da na faɗa wa Mma, ajiye muciya ta yi ta dube ni ta ce, "Ɗan mahauci ya ƙi nama? To me za ka ci, ɗan nan?"

Tambayarta tana kan hanya, don wata shidan farko na sha wuya, kuma laifina ne. Na cire naman ban sa komai a gurbinsa ba. Banku, fufu, gari da farar shinkafa nake ɗura wa cikina. Nauyina ya sauko daga kilo 82 zuwa 74. A filin da muke motsa jiki bayan sallar asuba, da filawil da diram ɗin birkin manyan motoci muka haɗa ƙarafanmu, ni na walda su da hannuna, na san nauyin kowanne. Kilo 140 da nake cirowa daga ƙasa ba tare da nishi ba, sai ga shi 110 yana neman gagara ta. Abokai suka ce ai mun faɗa maka.

Wata ma'aikaciyar asibiti mai ba da shawara kan abinci ce ta buɗe min ido. Ta ce tsoka ba ta san sunan nama ba, furotin take nema, wato sinadarin gina jiki, kuma mai ɗaga ƙarfe yana bukatar kamar giram 1.6 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Ni mai kilo 78 yanzu, giram 125 ke nan aƙalla. Ta ɗauki takarda ta rubuta min. Giram 100 na busasshen wake yana da furotin kamar giram 23, gyaɗa kamar 25, waken suya kamar 36, gurjiya kusan 20. Shinkafa kuwa 7 ne, rogo da ayabar fufu ba su kai a ambata ba. Na ga inda na yi ɓatan kai.

Ta ƙara da wani bayani da ya sa na ji girman kakanninmu. Furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare da ake kira laisin, wake kuma yana da shi a wadace. Wanda wake ya gaza a kai, hatsi ke cikasa shi. Wato wake da shinkafar nan da iyayenmu mata ke dafawa da karan dafi, har Gana duka ta ari sunan daga bakinmu tana cewa waakye, haɗi ne cikakke. Haka koko da ƙosai. Haka ɗanwake. Abincin da muke rainawa muna kira na talaka, shi ne abin da nake nema tun farko.

Na sayi ƙaramin sikeli na ajiye a madafa. Da safe maiɗakina takan dama min kunun soyayyen masara da gero, wanda muke kira Tom Brown, a ciki akwai garin waken suya giram 50. Waken suyan sai an soya shi ko an dafa sosai, ɗanyensa yana hana ciki narkar da furotin. Da rana a bakin aiki, wake da shinkafa, kuma mai sayarwar ta riga ta san ni. Da ta hango ni sai ta ce, "Mai walda, wake ya fi yawa, ba ganda, ba ƙwai," ta ɗauko min jajjagen barkono daban, saboda shito, baƙin yajin da ake zubawa a kai, da kifi da jatanlande ake yin sa, abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. La'asar, gyaɗa cikin tafin hannu biyu ko ƙuli-ƙuli, wanda ya ma fi gyaɗar furotin tunda an matse man. Da dare tuwon zafi da miyar ayoyo ko agushi da daddawa, a gefe kuma awara ko dafaffiyar gurjiya. Idan na haɗa lissafi, busasshen wake giram 200 nake ci a yini, shi kaɗai ya ba ni 46, sauran su cike. Olonka ɗaya na wake, wato babban gwangwanin awo, a kasuwar Asawase yana kai ni kwanaki, kuɗinsa kuwa tsiren dare ɗaya ko biyu zai cinye shi.

Kumburin ciki gaskiya ne, makonnin farko na ji jiki. Maganinsa a jiƙa waken tun dare, a zubar da ruwan, a dafa ya nuna luguf, sannan kada mutum ya tashi rana ɗaya ya ninka abin da ya saba ci. Kanwa kuma na sa an rage ta a gidana, don dangin gishiri ce, ba ta yi wa mai hawan jini daɗi.

Cikin shekara guda na dawo da kilo 140 ɗina. Yau 170 nake cirowa, da ƙafafuna da bayana, ba allurar kumbura jiki ba garin furotin na gwangwani. Sau huɗu a mako nake zuwa fili, ina ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, kilo biyu ko uku idan jiki ya saba, ina kuma neman barcin awa bakwai, wanda shi ne ya fi yi wa samarin bes, wato majalisar hira, wuya saboda hira da ataya har ɗayan dare. Ba ni kaɗai ba ne a duniya. Kendrick Farris, namiji ɗaya tilo da ya wakilci Amurka a ɗaga ƙarfe a gasar Olamfik ta Rio a 2016, tun 2014 ya bar duk abin da ya fito daga dabba. Patrik Baboumian na Jamus, shi ma haka yake ci, ya saɓa kilo 555 a kafaɗa ya taka mita 10 da shi a Toronto a 2013.

Sai dai akwai ramin da na faɗa, kuma don shi na fi matsuwa in rubuto. An gargaɗe ni kan bitamin B12, na yi sakaci. Babu shi a wake, babu a gyaɗa, babu a zogale. Hanta takan ajiye shi na shekaru, shi ya sa mutum ba ya farga da wuri. Cikin shekara ta uku sai tafin ƙafata ya fara yi min kamar ana tsira allurai. Wata rana ina tsugune ina haɗa ƙofar ƙarfe, na ji yatsuna sun sage, ban ji riƙon abin waldar da kyau ba, layin ya fita a karkace kamar na ɗan koyo. Na tsorata, don na tuna hannun Baba. Aka ɗebi jinina aka ga B12 ya yi ƙasa. An yi min allurai, yanzu ƙwaya nake sha ba fashi, yatsun sun dawo. Likita ya ce da na daɗe a haka, jijiya kan lalace ta ƙi gyaruwa. Duk wanda zai bar nama da ƙwai da nono gaba ɗaya, ya sayi ƙwayar nan tun ranar farko.

Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini ma yana son kula. Wanda ke cikin wake da ganye bai kai na nama saurin shiga jiki ba, amma lemo ko tumatir a kan abincin yana taimaka masa, shayi kuma yana tare shi. Don haka na daina ɗora ataya a kan wake, nakan bari awa ɗaya ko biyu ta wuce. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci, a zubar, gubarta hanta take ci.

Kada wani ya ce na haramta abin da Allah Ya halatta. Ban yi ba, ba kuma zan yi ba. Duk Babbar Sallah ina yanka ragona in raba wa dangi da maƙwabta, in ɗanɗani yanka ɗaya na hanta don albarkar ranar, shi ke nan sai wata shekarar. 'Ya'yana suna cin nama da ƙwai idan an samu. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yaro ɗan shekara 19 da ya same ni a fili makon jiya, ya tara kuɗin koyon aikinsa na wata biyu zai sayi allurar siteroid, wai tunda ba shi da halin nama. Allurar da ke ta da hawan jini, ta taɓa zuciya, ta rage wa namiji ƙwayar haihuwa. Na zaunar da shi a kan diram ɗin birki na nuna masa takardar lissafina, wadda duk ta yi baƙi da man inji.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka nemo mana masanin abinci ya jera a shafi guda furotin ɗin da ke cikin wake, gurjiya, gyaɗa, agushi, riɗi, gero da awara, da ma'aunin da muka sani, olonka da gwangwanin madara da ludayi, don ba kowa ke da sikeli ba. Idan ya fito zan yanke shi in manna a bangon filinmu, kusa da inda muke jingine ƙarafa.

Wassalam.

Naka,
Mai walda daga Aboabo, Kumasi