Kujerar na ƙi: da gangan aka sassaƙa ta

Assalamu alaikum, Edita. Ka ba ni ɗan fili in gyara wata fahimta. Duk lokacin da wata ƙasa ta hau kujerar na ƙi a Kwamitin Sulhu, sai ka ji masu sharhi na cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta lalace. Ai haka aka gina ta tun ran gini, kuma dalilin na tattare da yadda magabaciyarta ta mutu.

Waccan ƙungiya ta ƙasashe mai mazauni a Geneva, wato League of Nations, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ce ta haife ta, ta fara aiki ranar 10 ga Janairu, 1920. Shugaban Amurka Woodrow Wilson ne ya yi mata naƙuda, amma majalisar dattawan ƙasarsa ta ƙi amincewa, Amurka ba ta taɓa shiga ba. Babban hukunci kuwa sai bakin kowa ya zo ɗaya, wanda aka ɓata wa rai kuma ya kama gabansa. Haka Japan ta yi a 1933 da aka soki mamayarta a yankin Manchuriya na ƙasar Sin. Jamus ma ta fice a shekarar.

A kan Habasha asiri ya tonu. Italiya ta afka mata a Oktoban 1935, aka sa takunkumi: ba a sayar wa Italiya makamai, ba a ba ta bashi, ba a sayen kayanta. Amma aka tsame man fetur da kwal, abin da tankoki da jirage ke sha ke nan. Mashigin Suez, wanda ta nan jiragen ruwan Mussolini, shugaban Italiya, ke wucewa da sojoji, aka bar shi a buɗe, domin Birtaniya da Faransa na gudun tura shi hannun Hitler. Ko da an hana man ma, Amurka ba mamba ba ce, tana iya sayarwa. Addis Ababa ta faɗi a watan Mayun 1936. A ƙarshen Yuni Sarki Haile Selassie na Habasha ya tsaya gaban taron Geneva, 'yan jaridar Italiya na yi masa ihu da fito. Watan da ya biyo baya aka ɗage takunkumin.

Manyan ƙasashen da suka zauna tsara sabuwar majalisa a tarukan Dumbarton Oaks a 1944 da Yalta a farkon 1945 sun ga duk wannan. Lissafinsu shi ne, gara babba ya zauna a ciki yana cewa na ƙi, da ya fita ya yi gaban kansa. Ƙananan ƙasashe sun yi ta ja a taron San Francisco, manyan suka nuna musu ko a yarda da kujerar ko a fasa majalisar. Ƙasashe 50 suka sa hannu a kan kundin tsarin majalisar ranar 26 ga Yuni, 1945.

Yau sashe na 27 na kundin na buƙatar ƙuri'u 9 cikin 15 kafin ƙuduri ya wuce a Kwamitin Sulhu, muddin babu ɗaya daga Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin da ta ce a'a. Ƙaurace wa ƙuri'a ba ya kashe ƙuduri. Abin da na fi ganin ya gurgunta majalisar ma shi ne sashe na 43, wanda ya tanadi ƙasashe su ware wa Kwamitin dakaru. Ba a taɓa ƙulla wannan yarjejeniya ba, shi ya sa har gobe aron sojoji ake yi.

Masu kiran a soke kujerar kuwa, su duba sashe na 108: gyaran kundin sai kashi biyu cikin uku na mambobi sun tabbatar da shi, ciki har da ƙasashen nan biyar duka.

Naka,
Wani mai karatu