A Kan Zargin Son Kai Ga Marubuta Wasanni

Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan marubutan wasanni da magoya baya ke zargi da son kai. A 2022, lokacin da aka farfasa motar Katsina United a filin wasa na Sani Abacha, har aka zaftare wa Kano Pillars maki uku, wasu magoya bayan Sai Masu Gida, wato Pillars, sun ɗauki duk wanda ya ruwaito barnar a matsayin maƙiyin Kano. Ni ma masoyin Pillars ne, amma abin da ya dame ni shi ne yadda wasu marubuta ke sassauta labari don gudun zagi a Facebook. Ina so wakilanku su amsa zargi da hujja, su kuma gyara kuskure a fili idan sun yi shi.

Naku,
Mai karatu daga Fagge, Kano