Jan Hankali Ga Direbobin Uber Da Bolt A Legas

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin 'yan uwana direbobin Uber da Bolt. Yawancinmu inshorar motar gida ta naira 15,000 muke yanka, don 'yan sanda su bar mu. Wanda ka yi wa ɓarna kaɗai take biya, a dukiya ba ta wuce naira miliyan 3. Gyaran motarka yana wuyanka. Maƙwabcina ya daki bayan danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, a Oshodi, motarsa ta bashi ce, har yau tana wurin bakanike. Abin da ya fi damuna, kamfanin inshora na iya ƙin biya in ya gano haya kake yi da motarka. Mu nemi inshorar motar haya, hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, kuma ta wayar mana da kai da Hausa.

Direba daga Agege, Legas