Ina neman hanyar da zan jawo 'ya'yana a jiki kafin su yi mini nisa

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya tare da iyali, ina yi miki godiya a kan wannan fili da kike gabatarwa, wanda nakan saurara duk ranar da aiki ya bar ni. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na rubuto miki, domin abu ne da nake jin nauyin faɗa wa ko da 'yan'uwana.

Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, shekarata 17 ina aiki a wani asibiti a cikin birnin Katsina, muna zaune a Ƙofar Ƙaura. Allah ya ba ni 'ya'ya huɗu. Babbarsu mace ce, shekararta 16, tana aji biyu na babbar sakandare. Mai bi mata namiji ne ɗan shekara 14, sai ƙanana biyu da ke firamare. Maigidana yana aiki a Kaduna, sai bayan mako biyu ko uku yake zuwa gida. Aikinmu na karɓa-karɓa ne. Idan ina na yamma, nakan fita kafin su dawo daga boko, in dawo bayan isha'i kowa ya gaji. Idan ina na dare, kafin in shigo da safe sun riga sun tafi, sai dai in tarar 'yata ta share tsakar gida, ta dama mini kunu a filas, ta rufe mini ƙosai a kula. Yarinya ce mai hankali, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, malamanta na boko da na Islamiyya duk yabonta suke yi.

Damuwata ita ce ban san abin da ke cikin zuciyarta ba. Maganarmu ba ta wuce "Umma sannu da zuwa", "an gama abinci", "an ce a kawo kuɗin jarrabawa". Ni 'yar Daura ce, kuma a gidanmu na tashi na ga mahaifiyata ba ta kiran sunan yayanmu, ba ta zama hira da shi, saboda kunyar ɗan fari. Da na haifi wannan yarinya haka na yi mata ba tare da na tsaya na yi tunani ba, har yau ban iya kiran sunanta na yanka, sai dai laƙabi. Amma a zamaninmu ɗan fari yana da kaka da gwaggo da kishiyoyin uwa a cikin gida ɗaya, idan uwa ta kawar da kai akwai masu jan sa a jiki. Mu kuwa gidanmu daga ni sai su, ga shi rabin kwanakin mako ba na nan.

Ranar da abin ya fi taɓa ni ita ce wata Asabar da ƙanwata ta zo daga Daura. Na dawo daga aikin safe, tun daga zaure nake jin dariyar 'yata a ɗaki, irin dariyar da na yi shekaru ban ji ba, tana ba gwaggon tata labarin wata ƙawarta. Ina ɗaga labule ta yi shiru, ta gyara ɗankwali, ta durƙusa ta gaishe ni, ta fice. A daren nan ƙanwata ta shaida mini cewa lokacin da yarinyar ta fara al'ada, shekara uku da suka wuce, ita ta kira a waya tana kuka, ita ce kuma ta koya mata wankan tsarki, sai bayan wata biyu ni na lura. Malama, kullum ina zama da 'ya'yan mutane a ɗakin awo ina yi musu bayanin jikinsu, amma tawa ta rasa bakin da za ta faɗa mini. Na kwana ina hawaye. Ƙanwar tawa ta kuma gaya mini cewa akwai wani saurayi da ke turo wa yarinyar saƙo ta WhatsApp a wayar da mahaifinta ya saya mata don karatu, ta roƙe ni kada in nuna na sani.

Shi kuma namijin, sai da malamin Islamiyyarsu ya aiko na san ya yi mako uku ba ya zuwa. Ashe duk ranar da nake aikin yamma gidan kallon ƙwallo yake tafiya. Na yi masa faɗa sosai, ya koma makaranta, amma tun daga ranar ya ƙara janye jiki.

Wasu sun ce in ajiye aiki. Ba zan iya ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 albashin mutum ɗaya ba ya riƙe gida, ga kuɗin WAEC da NECO da JAMB suna tafe baɗi, kuma ina son aikina, ina neman lada da shi. Na gwada sauya hali. Wata rana na kira ta ɗakina na ce ta zauna mu yi hira, sai ta zauna a bakin gado ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta, ta ce, "Umma, wani laifi na yi?" Na rasa abin da zan ce, na sallame ta. Kwanan baya na ji a wa'azi cewa Manzon Allah (SAW) yakan miƙe idan 'yarsa Nana Faɗima ta shigo, ya sumbace ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. Tun daga nan na tabbata kunyar da nake yi al'ada ce, addini bai ɗora mini ita ba, sai dai abin da aka shekara 16 ana yi ba ya kau da dare ɗaya.

Don Allah Malama ki ba ni shawara. Ta ina uwa za ta fara jan budurwar 'yarta a jiki bayan ta saba da nesa-nesa, ba tare da yarinyar ta tsorata ko kwarjinin uwa ya zube ba? Maganar saurayin nan, in tunkare ta kai tsaye, ko in bar ta a hannun ƙanwata ina bibiya daga nesa? Ina tsoron idan na yi magana ta daina yarda da gwaggon tata, ta rasa mutum ɗaya tak da take buɗe wa cikinta. Ina kuma tsoron in yi shiru a yi abin da za a zo ana da-na-sani. Shin ya dace in sanar da mahaifinta yanzu, alhali na san abu na farko da zai yi shi ne ƙwace wayar? Sannan 'yan awoyin da nake samu a ranakun hutu, yaya zan raba su tsakanin ita da ƙaninta?

Ina roƙon a sakaya sunana. Allah ya saka miki da alheri.

Taki,
Wata uwa daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.